Shamuwa ta sauka a wajenku? Ku kawo labarin tsuntsayen farkon damina

Baban Iklima, Mai Wurno:
Assalamu alaikum jama'a. Shamuwa ta sauka mana a nan Mai Wurno, ƙasar Sudan. Tun makon jiya ake ganinta ɗaya-ɗaya tana shawagi ta kan kogi, yau kuma bayan sallar asuba na tarar da guda biyu a kan tsamiyar bayan masallacinmu suna gyaran tsohuwar sheƙa, ɗaya na kawo kirare ɗaya na jerawa. Iska ma ta juya, daga kudu take busowa, jiya da dare har da walƙiya ta wajen Sinja. Balbela ta fara jan gashi a ka da ƙirji, jinjimi kuma na ga garke guda a bakin ruwa. Amma abin da ya sa na kawo maganar, shamuwar ba ta da yawa kamar yadda muka saba. A da idan Mayu ya yi nisa kowace babbar bishiya a unguwarmu baƙi ƙirin take da su. Ina son in ji, a wajenmu ne kaɗai ko ko'ina haka ne? Mutanen Damazin, Gadarif, Kassala, Madani, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Abu Hafsa, Damazin:
Wa alaikumus salam Baba. Mu nan ta riga ku, tun ƙarshen Afrilu muke tare da ita, wasu ma sun kwanta kan ƙwai. Ruwa ya sauka mana har ciyawa ta tsiro. Yawanta dai a bakin madatsar Rusairis ban ga ya ragu ba.

Alhaji Manomi, Gadarif:
Sun iso, amma tsiraru. Ƙasa har yanzu a tsage take.

Autan Inna, Kassala:
Mu shiru tukuna. Kogin Gash ko ɗigo babu, sai rairayi da zafi. Abin da nake gani kullum shirwa ce da kurciya, sai hasbiya a jikin duwatsun Taka. Baba ina da tambaya. Kakata ta ce shamuwa ce ke kawo ruwa, idan aka kore ta daga gari damina ba za ta yi kyau ba. Larabawan unguwarmu ma haka suke faɗa game da simbiriya, sunan shamuwa a wajensu. Akwai gaskiya a ciki?

Alaramma, Hawata:
Ɗana, ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so, lokacin da Ya so. Akwai hadisin Zaidu ɗan Khalid a Buhari da Muslim: bayan an kwana ana ruwa a Hudaibiya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarSa shi ne mai imani, wanda kuwa ya jingina ruwan ga tauraro kaza ya kauce. Idan tauraro bai isa ba, tsuntsu ma bai isa ba. Sai dai kada ka tafi ka ce wa kakarka ta yi kuskure. Tsofaffinmu alama suke nufi, kamar yadda ake ganin hadari a ce ruwa na tafe. Kuma hanin da suke yi a taɓa ta ya dace da addini.

Ustaza, Wad Madani:
Allah gafarta Malam, na gode da wannan. Bari in ƙara ta ɓangaren da na karanta. Shamuwa ba ta jawo ruwa, bin sa take yi, kuma ba ruwan kansa take so ba, abin da ruwan ke fitarwa take nema. Idan rana ta tsallako arewa a bazara, ƙasarmu ta yi zafi, sai iska mai laima ta taso daga kudu maso yamma tana turo hadari arewa a hankali. Shi ya sa Damazin ke riga Sinnar samun ruwa, Sinnar ta riga Madani, Kassala da Khartum su zo daga baya. Jerin da kuka bayar a sama ma haka ya nuna. Da ruwan farko ya taɓa ƙasa, ƙwan fara da ke binne tun bara ya ƙyanƙyashe, shinge ya tashi, tsutsa ta fito, kwaɗi su farka. Abincinta ke nan, musamman fara.

Lissafin nata ne ke ba ni mamaki. Takan yi ƙwai 2 ko 3, ta kwanta a kai wajen wata guda, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Idan ta fara a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, lokacin da 'ya'yan ke tsananin ci zai faɗo cikin Yuli da Agusta, daidai lokacin da fara ta fi yawa. Dole ta iso kafin ruwan ya kankama, shi ya sa mu muke ganin kamar ita ce ke jagorantarsa.

Goggon Yara, Jidda:
Kun tuna mini gida, wallahi. Nan sai hankaka irin na Indiya da ya cika gari, da tantabaru. Ustaza, 'yata, idan ta bar mu da kaka ina take zuwa? Muna yara ana ce mana Makka take tafiya. Ga ni kusa da Makka shekara da shekaru ban taɓa ganinta ba.

Ustaza, Wad Madani:
Goggo, kudu take yi. Wajen Oktoba sai su taru garke-garke su bi ta Uganda da Kenya da Tanzaniya, su sauka Zambiya, Zimbabuwe, Botsuwana har Afirka ta Kudu. Can daminarsu daga Nuwamba zuwa Maris take, wato lokacin da mu muke cikin rani. Ba sa sheƙa a can, kiwo kawai suke yi. Haihuwa a wajenmu ce, daga Senegal, ta ƙasar Hausa da Cadi, har Sudan da Habasha, akwai kuma waɗanda ke sheƙa a Yaman. Duk shamuwar da manomin Zimbabuwe ya gani a gonarsa, a kan bishiyar wani gari irin namu aka ƙyanƙyashe ta. Sunan da masana suka sa mata a 1823 ma daga nan ya fito, sunan Abdim Bey ne, wani gwamna na zamanin Turkawa a arewacin Sudan, domin daga yankin Dungula aka kai musu samfurinta.

Autan Inna, Kassala:
Wani abokina da ke Halfa Jadida ya ce ya ga wata tsuntsuwa fara tas a gonakin rake, mai jan baki da jajayen ƙafafu, bakin fukafukan ne kawai baƙi. Ita ma shamuwa ce?

Ustaza, Wad Madani:
'Yar uwarta ce ta Turai, ta fi tamu girma sosai. Tamu baƙa ce, cikinta fari, fuskarta shuɗiya da ɗan ja kusa da ido, gwiwa da yatsu ja, nauyinta bai wuce kilo 1 da 'yan kai ba. Ta Turai kuwa a ƙasashe irin su Folan da Jamus da Yukiren take haihuwa. Ba ta iya dogon tsallaken teku, domin iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa take hawa ta yi sama sannan ta zame, sai ta biyo ta Istanbul, ta Sham, ta Suwes, ta gangaro kwarin Nilu. Yawancinsu sun koma tun Maris da Afrilu, tare da rahu, wato gauraka masu ƙaura. Waɗanda abokinka ya gani yanzu mai yiwuwa ƙanana ne da ba su isa haihuwa ba, irinsu sukan yi zamansu a Afirka.

Ta dalilin irin wannan tsuntsuwa ce ma Turawa suka tabbatar da cewa tsuntsayensu Afirka suke zuwa. A 1822 aka harbo wata a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi duk tafiyar nan da shi. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostok.

Direba, Bur Sudan:
Ustaza kin tuna mini labarin 2018. Wata ƙungiya a Folan ta ɗaura wa irin wannan tsuntsuwa na'urar bibiya mai layin waya a ciki. Alamarta ta ƙarshe daga kwarin Bahar Azrak, reshen Nilu da ke fitowa daga Habasha, ta fito, wato yankinku Baban Iklima. Wani ya tsinci na'urar ya zare layin ya sa a wayarsa, ya yi kiran awa 20, aka kai wa ƙungiyar lissafin fiye da zuloti 10,000, kuɗin Folan. Duniya ta ɗauki labarin, ni kuwa bai yi mini daɗi ba don sunan ƙasarmu aka ambata. Wanda ya ga tsuntsu da zobe a ƙafa ko na'ura a baya, ya ɗauki hoton lambar, akwai masu jiran labarinsa.

Abu Ammar, Umdurman:
Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tun Afrilun 2023 muke cikin yaƙi. Akwai waɗanda har yau ba su san inda 'yan uwansu suke ba, akwai gidajen da sau ɗaya ake ɗora tukunya. Mu kuma muna nan muna ƙirga tsuntsu a kan bishiya. Ni ban ga wurin wannan magana ba a halin da ake ciki.

Baban Iklima, Mai Wurno:
Abu Ammar, ɗana, na ji zafinka, kuma babu wanda yaƙin nan bai taɓa ba a cikinmu. Mu ma mun ga abin da muka gani lokacin da Sinja ta faɗi a 2024. Amma ka saurare ni. Mu manoma ne. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a bakin kogin nan, ba su zo da rediyo ba, da irin waɗannan alamu suke sanin lokacin sharar gona da lokacin fito da iri. Shamuwa kuma ma'aikaciya ce da ba a biya. Ka tsaya gona a Agusta ka ga yadda suke jeruwa suna tsintar fara, ko su bi bayan tarakta suna kwashe tsutsa. Yau maganin feshi ya fi ƙarfin talaka, wanda ke tsince maka fara kyauta ai ba abin rainawa ba ne. Idan ta ragu, cikinmu zai ji. Maganar abinci nake yi, ba ta nishaɗi ba.

Kuma ni ina da zargi a kan dalilin raguwarta a wajenmu, tunda Abu Hafsa ya ce a Damazin tana nan. Bishiyoyi ne. Shamuwa ba kasafai take sheƙa a daji nesa da mutane ba, cikin gari take so, kan kuka ko tsamiya ko gawo ko babbar darbejiya, wani lokaci har kan jinkar ɗaki, kuma wurin bara take komawa. Ku ƙirga manyan bishiyoyin da aka sare a unguwanninku cikin shekarun nan a yi gawayi. Ta dawo daga tafiyar dubban kilomita ta tarar da kututture.

Maman Sadiya, Sinnar:
Baba, da girmanku, amma a nan zan tsaya. Mu ne a bakin murhu. Tukunyar gas ta yi wata da watanni babu, in an samu kuma kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Wuta ba ta zama. Gidana akwai baƙin da suka gudo daga jihar Jazira, baki ya ƙaru. Da me zan dafa musu? Wanda ya sare bishiya ba ƙin shamuwa yake yi ba. Kada a mayar da mu masu laifi.

Baban Iklima, Mai Wurno:
'Yata, ban ɗora wa mai dafa wa yara abinci laifi ba, Allah Ya saka miki da alheri a kan baƙin nan. Da masu cika manyan motoci da buhunan gawayi suna kai wa birni nake. Mace da ɗanta ba su iya kayar da tsamiyar da ta shekara ɗari, masu injin yanka ne ke yi.

Abu Ammar, Umdurman:
Wannan kam gaskiya ne. Duk wanda ya san dajin Sunut na bakin Mugran, mahaɗar kogunan Nilu biyu a Khartum, a da, ya je ya gani yanzu. Tun 1939 aka keɓe shi saboda tsuntsaye, bagaruwa ce cunkus har bakin Bahar Abyad, wato Farin Nilu, muna yara makaranta kan kai mu. Na wuce ta wurin, ban iya tsayawa kallo ba. Amma har yanzu ina kan bakana, cikin mutum ne farko.

Maman Sadiya, Sinnar:
To, tunda an zo nan, ga wata. A tsakar gidanmu akwai darbejiya da suke sheƙa a kai duk shekara, har da balbela. Kashinsu ya hana mu shanya, ya hana mu zama a inuwa, idan ruwa ya sauka warin ba a magana. Maigidan ya ce bana sare ta zai yi a huta, a samu itacen girki. Ni ban so ba don surukata ce ta dasa ta, amma ban da hujjar da zan ba shi. Sannan duk shekara sai ɗan shamuwa ya faɗo idan an yi habub, guguwar ƙura, yara su ɗauka suna wasa da shi har ya mutu.

Alaramma, Hawata:
Ki gaya masa wannan da ladabi. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana karkaɗa fukafukai a kansu. Da Manzon Allah ya dawo sai ya tambaya wa ya tayar wa wannan hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Idan ɗauke 'ya'ya biyu ya jawo wannan, ina ga kayar da bishiya da sheƙuna a kanta? A Suratul An'am kuma Allah Ya ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummai ne kamar mu. Ban ce haramun ne mutum ya taɓa bishiyar gidansa ba, amma lokaci yana da hukunci. Ya jira su tashi.

Kawu, Dindir:
Maman Sadiya, ga shawarar wanda ya daɗe da itace. Darbejiya ba ta buƙatar a kayar da ita. Ku bari sai bayan Oktoba sun tafi, a hau a sassare rassan da suka rufo kan igiyar shanya da wurin zama, a bar na can sama da na bayan katanga. Itacen da za ku samu zai kai ku wani lokaci, bishiyar kuma ta sake tohowa, baɗi a kuma. Kashin nan da kike kuka da shi taki ne mai ƙarfi, a share a tara a rami da toka, a kai wa kuɓewa ko albasa, sai dai kada a zuba shi ɗanye a gindin shuka don yana ƙonawa. Yara su wanke hannu idan sun taɓa. Ɗan da ya faɗo, in bai karye ba, a sa shi a kwando a ɗaure a reshe kusa da sheƙar. A kiyaye ido, baki yake kai wa.

Ta wajenmu kuwa, wannan ne lokacin kallo na ƙarshe kafin laka ta rufe hanya. Gandun Dindir tun 1935 yake, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 10,000. A ƙarshen rani kogin ya tsinke ya zama tafkuna, sai komai ya taru a mayoyi, wato fadamun da suka rage da ruwa: kwasakwasa, babba-da-jaka, zalɓe, dinya, kirinjijiya, gauraka bibbiyu. Zabi kuwa ba a magana. Da ruwa ya sauko daga tsaunukan Habasha sai su watsu. Burtu na ji kukansa da sassafe kwanan nan, tuje ne dai ya yi wuyar gani. Sakar jidyan, tsuntsu mai dogayen ƙafafu da ke kan tambarin ƙasarmu, yara da yawa a nan ba su taɓa ganinsa da rai ba, kuma tun 2020 aka sa shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa a duniya.

Maman Sadiya, Sinnar:
Na gode Kawu, na gode Malam. Zan karanta masa da dare.

Alhaji Manomi, Gadarif:
Na yi shiru ina karantawa. Duk kun yabi tsuntsu, bari in faɗi nawa. Wanda bai taɓa tsayawa a gonar dawa a Oktoba ya ga jan-baki ya taso kamar hayaƙi ba, bai san tsuntsu ba. Zarzur, wato jan-bakin, ɗaya bai wuce giram 20 ba, amma idan garke ya sauka kan dawar feterita tana madara, kafin la'asar aikin shekara ya tafi. Yanzu da ake murnar ruwa, ni lissafin da nake yi ke nan, domin ruwan da ya kawo shamuwa shi ne zai tsirar da ciyawar da jan-baki zai hayayyafa a kai. Idan jirgin feshi bai zo ba mun shiga uku. Don haka kada wani ya ce mini a daina feshi.

Ustaza, Wad Madani:
Alhaji, babu mai musun ɓarnar jan-baki, mu ma a Jazira mun sha ta. Matsalar ita ce maganin da aka saba fesawa, fentiyon, ba ya zaɓe. Ana fesa shi da magariba a kan sarƙaƙiyar da suke kwana ko suke sheƙa, da safe kuma shirwa da mikiya da babba-da-jaka da duk mai cin mushe su zo su ci gawarwakin su ma su mutu. Feshin fara ma haka, idan shamuwa ta ci farar da ta sha guba, ta kai wa 'ya'yanta. Abin da nake roƙo shi ne manoma su riƙa kai rahoton matattarar jan-baki da wuri, a yi feshin daidai wurin, nesa da ruwa, a kwashe gawarwakin a binne, a kuma hana yara tsinta su kai gida. A Cadi da gefen tafkin Cadi na Najeriya da raga ake kama shi da dare, a soya a sayar a kasuwa.

Alhaji Manomi, Gadarif:
Raga a gona mai fadan dubu, kusan eka dubu? Ustaza, wannan sai ƙaramar gona. Amma binne gawarwaki da hana yara tsinta na yarda, na taɓa ganin karnukan kambo, sansanin ma'aikatan gona, sun mutu bayan feshi.

Direba, Bur Sudan:
Gyara yana yiwuwa idan an matsa. Layin wutar da ya tashi daga Bur Sudan zuwa Khor Arba'at ya yi shekaru yana kashe farar ungulu mai ƙaura, su sauka kan turke wuta ta ja su. A 2014 aka kashe layin aka yi sabo mai rufi. Mu nan ba mu da damina yanzu, namu ruwan na hunturu ne, amma wannan zafin ne lokacin da tsuntsayen teku ke ƙwai a tsibiran Dungunab da Mukawwar. Masunta na kwasar ƙwan, shi ne namu ciwon.

Autan Inna, Kassala:
Ustaza, idan ina son in fara rubutawa, me zan rubuta? Ba ni da madubin hangen nesa.

Ustaza, Wad Madani:
Ba ka buƙatarsa, ƙanena. Littafin makaranta ya isa. Rana, wuri, irin tsuntsun, guda nawa, me yake yi, a kan wace bishiya. Ka rubuta ranar ruwan farko da ranar da Gash ya sauko. Wanda ba ka san sunansa ba ka kwatanta shi da kurciya ko hankaka wajen girma, ka faɗi launin baki da ƙafa. Fita bayan asuba ya fi, ko bayan la'asar. Makonnin nan ka sa ido kan kabare, namijin zai rikiɗe ya zama rawaya ya fara saƙa a rassan da suka leƙa ruwa. Kada ka ɗaga waya kana hoto kusa da gada ko shingen sojoji.

Alhaji Manomi, Gadarif:
Yaro, in ka fara, ka haɗa da jan-baki. Duk wanda ya ga suna taruwa a sarƙaƙiyar ƙayar kitir tsakanin Hawata da Gadarif daga Agusta, ya sanar a nan da sunan wurin, ni zan kai maganar ofishin kare amfanin gona da kaina.